Hedimastan Ƙauye: Wa Ya Koya Masa Riƙon Jama'a?

Tun daga watan Yunin 2024 da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano, kusan duk maganar da ake yi ta tsaya ne a kan gyaran azuzuwa, sayen kujeru da ɗaukar sababbin malamai. Ko shakka babu waɗannan abubuwa ne da ake bukata. Amma akwai mutum guda da ban cika jin ana ambatonsa ba, alhali kuwa a hannunsa za a damƙa duk wannan kaya, wato hedimastan makarantar firamare ta ƙauye. Shi nake so mai karatu ya dube shi tare da ni, musamman a yankin Gaya da Ajingi, inda makarantu da yawa ke nesa da kwalta, nesa kuma da idon masu duba aiki.

Yadda ake zama hedimasta a wurarenmu sananne ne. Malami ya yi shekaru yana koyarwa, yara na fahimtarsa, iyaye na yaba masa. Rana guda sai takarda ta zo daga ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma cewa an ba shi makaranta. 'Yan uwa su zo barka, a yi addu'a, washegari ya tsinci kansa a kan kujera da rajista da littafin sa hannu da malamai bakwai ko takwas, waɗansu sun girme shi, wani ma shi ya koyar da shi. Abin da ya iya, wato riƙe alli, an raba shi da shi. Abin da aka ɗora masa, wato riƙe mutane, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa. Bayan shekara biyu sai ka ga mutumin da a da yake sammako da ɗoki ya koma mai ƙirga kwanakin wata.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce wannan na faruwa a ƙasar Gaya. Tarihin baka ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya suka taso neman tama har suka zauna a gindin Dala, kuma daga sunan wani daga cikinsu, Kano, birnin ya samo suna. Har yau ana kiran zuriyarsu Abagayawa. To, a gidan ƙira ba a miƙa wa yaro masaba ranar da ya zo. Yana farawa da zuga-zugi, ya daɗe yana kallon launin wuta, sannan a ba shi awartaki ya riƙe ƙarfe, sannan ya fara duka a kan uwar maƙera maigida na tsaye a kansa. Kafin ya buɗe tasa maƙerar ya ga yadda ake ciniki da manomi, yadda ake ba mai garma haƙuri idan aiki bai kammala ba, da yadda ake tsawata wa yaro ba tare da an kore shi daga sana'a ba. Kakanninmu sun san jagoranci abu ne da ake koya a gefen wanda ya iya. Ko Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, da duk ƙasaitarsa, sai da Shehu Maghili ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga mai mulki. Mu ne kawai muka ɗauka takardar ƙarin girma ta isa ta mai da malami shugaba.

Wani zai ce ai matsalar duk ta kuɗi ce, a gyara albashi kowa zai yi aiki da farin ciki. Ba na raina wannan magana. Malamin da ke hawa mota ko acaɓa daga Wudil kullum zuwa wata makaranta a wajen Toranke ko Kademi ya san abin da kuɗin mai ya yi wa aljihunsa tun da aka cire tallafi a 2023, kuma mafi ƙarancin albashi na Naira 71,000 da Jihar Kano ta amince da shi a 2024 bai hana buhun masara tsada ba. Sai dai wani masani ɗan Amurka, Frederick Herzberg, ya fitar da wani bincike a 1959 bayan ya tattauna da injiniyoyi da akantoci kimanin 200, inda ya gano cewa abin da ke sa ma'aikaci ƙunci daban ne da abin da ke sa shi jin daɗin aiki. Ƙarancin albashi da mugun wurin aiki suna kawo ƙunci, gyara su kuma yana kawar da ƙuncin. Amma jin daɗin kansa yana zuwa ne daga ganin sakamakon aikinka, da a san ka yi, da a ba ka amana ta gaske. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san haka ba sai Bature ya faɗa masa ba. Ranar da yarinyar da ta shafe zango biyu ba ta iya haɗa baƙi da wasali ta karanta jimla da kanta, malaminta yakan koma gida da wani abu a zuciya wanda ba ya cikin takardar albashi.

Wannan abin ne ake ƙwacewa daga sabon hedimasta. Don haka shawarata ta farko gare shi ita ce kada ya yarda ya saki aji gaba ɗaya. Ya riƙe darasi ko da guda ne a rana, kuma zai fi kyau ya zama a aji ɗaya ko aji biyu, inda ake aza harsashi, inda kuma malamai suka fi gudu. Da wuya malami ya makara alhali ya san maigida na cikin aji tun ƙarfe takwas. Kuma wanda ƙurar alli ke jikin rigarsa ya fi samun kunnen malamai idan ya ce a gyara kaza.

Sannan sai ya koyi wani sabon jin daɗi, wanda ya fi wuyar samu: murna da nasarar wani. Ya shiga ajin ƙaramin malami ya zauna a baya, ba da niyyar kamu ba, in an tashi ya faɗa masa abu guda da ya yi daidai kafin ya faɗi wanda zai gyara. Yabo a gaban jama'a, gyara a ofis. Ya raba aiki, wannan ya riƙe jadawali, wancan wasanni, malama ta kula da zuwan 'yan mata, ya kuma bar su su yi ba tare da ya bi su da sanda ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙauye kuwa rabin aikin hedimasta a wajen katanga yake. Idan damina ta kankama yara suka koma gona, ko ranar kasuwa ta kwashe aji, ba wasiƙa ce za ta dawo da su ba, sai ya taka zuwa ƙofar dagaci da mai unguwa da liman. Tunda an maido da Masarautar Gaya a watan Yulin 2024 a matsayin mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta, hakimai na da damar su riƙa kiran shugabannin makarantu su ji ta bakinsu, kamar yadda ake kiransu a kan rigakafin shan inna.

Amma ba adalci ba ne a bar masa nauyin shi kaɗai. An yi shirin ESSPIN da tallafin Birtaniya daga 2008, wanda ya horar da shugabannin makarantu da kwamitocin al'umma a Kano da Jigawa da wasu jihohi, amma shirin mai tallafi yana da ranar ƙarewa, kuma da yawa daga waɗanda suka amfana sun yi ritaya ko an canja musu wuri. Akwai cibiyar NIEPA a Ondo da aka kafa don horar da masu tafiyar da ilimi, sai dai malamin Ajingi nawa ne zai kai can? Abin da nake roƙon hukumar SUBEB da sakatarorin ilimi na Gaya da Ajingi ba ya bukatar otal ko kuɗin zama. Kada a ba kowa makaranta sai ya yi aƙalla shekara guda yana mataimaki a ƙarƙashin gogaggen hedimasta, ana ba shi ragama a wasu ranaku. A haɗa shugabannin makarantu biyar ko shida da ke kusa da juna su riƙa zama sau ɗaya a wata. A nemi tsofaffin da suka yi ritaya, suna nan a zaurukansu a Gaya, a roƙe su su riƙa leƙa sababbi.

Abu na ƙarshe shi ne iko. Hedimastan da ya rubuta rahoto a kan malamin da ba ya zuwa, washegari aka bugo waya daga wajen wani mai faɗa a ji aka ce ya janye, ba zai sake rubutawa ba, kuma sauran malaman sun gani. Wanda ya yi shekara uku yana gina makaranta, aka ɗauke shi dare ɗaya saboda an yi zaɓe, shi ma na bayansa ya gani. Dokar 2022 ta ƙara wa malamai shekarun aiki zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki a inda aka aiwatar da ita, wanda ke nufin mutum zai iya daɗewa a kan kujerar fiye da da. Kafin a ƙara masa shekaru, a rubuta masa wa'adin da ba za a taɓa shi ba sai da laifi, a kuma sa hannunsa ya zama sharaɗi kafin a kai masa malami ko a ɗauke masa.