Sharhi: Tsadar maganin shaƙa da illar da masu ciwon asma ke kwasa

Tun watan Agustan 2023 da kamfanin GlaxoSmithKline ya sanar da daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a Najeriya, farashin Ventolin da Seretide ya yi tashin gwauron zabi, faɗuwar darajar naira kuma ta ƙara dagula lamarin. Wanda aljihunsa ya gaza, sai ya nufi kemis ya sayi ƙwayoyin prednisolone ko dexamethasone masu araha. A nan matsalar take.

Kowane maganin asma yana da nasa illa, amma nauyinsu ya bambanta. Salbutamol, sinadarin da ke cikin Ventolin, yakan jawo rawar hannu, saurin bugun zuciya da ciwon kai, waɗanda galibi kan lafa bayan ɗan lokaci. Maganin shaƙa na rigakafi mai ɗauke da sitiroyid kan haddasa dushewar murya da farin tabo a baki, kuma kurkure baki bayan kowace shaƙa na rage hakan sosai.

Ƙwayoyin haɗiya kuwa duk jiki suke bi. Shan su na tsawon lokaci na kawo ƙiba, kumburin fuska, hawan jini, hauhawar suga, raunin ƙashi da yanar ido. Dakatar da su farat ɗaya ma haɗari ne, domin jiki ya riga ya rage samar da nasa sinadarin. Shi ma montelukast, a watan Maris na 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ɗora masa gargaɗi mafi tsanani saboda munanan mafarkai, damuwa da sauyin hali.

Ke nan majinyacin da ya guji maganin shaƙa saboda tsada ko tsoron rawar hannu, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu kan umarnin cire haraji daga kayan haɗa magunguna. Amfanin matakin ga mai asma shi ne ya ga sauƙin a wajen saye, musamman lokacin hunturu da ƙura ke tayar da cutar. Kafin nan, NAFDAC na karɓar rahoton illolin magani ta manhajar Med Safety, kuma sauya magani ko rage shi hurumin likita ne.