Gida a kan tafiya: Wa zai bi jaririn ruga da allurarsa?

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube ba zai rasa cin karo da irin bidiyon nan ba. Mata da miji a Amurka ko Ostareliya sun sallami gidan haya, sun sayi wata zungureriyar mota mai ɗauke da gado da murhu da banɗaki, sun tare a ciki da jaririnsu. Yau sun kwana a bakin teku, jibi a gindin dutse. Masu kallo na ta yaba musu da cewa sun samu ’yanci.

A yammacin Kano wannan rayuwa ba baƙuwa ba ce, mota ce kawai babu. Da zarar an kawar da gero da dawa daga gonakin Kutama da sauran ƙauyukan Gwarzo da Kabo, sai ayarin makiyaya su fara ratsawa. Shanu a gaba, jakuna ɗauke da ƙore da tabarmi da sandunan bukka, ga uwa a baya da goyo. Wasu su yada zango a gonar manomin da ke son taki, su yi mako biyu ko wata guda. Wasu su zarce kudu neman ruwa da ɗanyar ciyawa, sai damina ta kankama su juyo. Bambancin shi ne ita wannan uwa ba a yaba mata. Abin da aka saba faɗa mata shi ne ta zauna wuri guda idan tana son ɗanta ya rayu.

Wannan shawara ta ɗora laifi inda bai dace ba. Tafiya ita kaɗai ba ta kashe jariri. Abin da ke jefa shi cikin haɗari shi ne yadda aka ɗaure kusan duk wata hidimar lafiya da mazauni na dindindin.

A dubi jadawalin rigakafi na Najeriya. Ranar haihuwa ana son a yi wa jariri allurar tarin fuka da ta ciwon hanta, a ɗiga masa maganin shan inna. Yana cika mako shida a dawo da shi don allurar nan mai haɗe da kariya biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa. A sake dawowa a mako na 10, a sake a mako na 14. Sai wata tara a yi ta ƙyanda da ta shawara, a maimaita ta ƙyanda a wata 15. Jaririn da aka haifa a wani mashekari kusa da Kutama a watan Disamba zai cika mako shida ne wataƙila a ƙasar Kaduna, ya cika mako 14 a wani dajin da ya fi nan nisa. Asibitin da ya rubuta sunansa a rajista ba zai ƙara ganinsa ba. Wanda zai tarar a gaba kuma bai san da zamansa ba, ba a ƙidaya shi a lissafin allurar da aka turo musu ba.

Akwai ma wani ƙaramin abu da masu zama a gari ba su cika lura da shi ba. Allurar tarin fuka da ta ƙyanda suna zuwa ne a kwalba mai ɗaukar yara da yawa, kuma idan aka haɗa ta dole a zubar da abin da ya rage bayan awa shida. Saboda haka ƙananan asibitoci da dama kan ware rana guda a mako, su tara yara kafin su fasa kwalba. Matar gari za ta iya komawa gida ta dawo ranar da aka ce. Bafulatanar da ta gama tatsa, ta yi tafiyar kilomitoci da ƙwarya a kai da yaro a baya, idan aka ce mata “sai mako mai zuwa”, to an sallame ta ke nan, domin mako mai zuwa rugarsu ta tashi.

Haka abin yake da maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar a lokacin damina. Gida-gida ake bi, wata-wata, bisa jerin unguwannin da aka sani. Masu rabo kan yi alama da alli a jikin bango ko ƙofa don a san an shiga. Bukkar kara ba ta da bangon da za a yi wa rubutu, kuma galibi ba ta cikin jerin tun farko.

Su waɗancan Turawa masu zama a mota sun gamu da irin wannan matsala, kuma ƙasarsu ba ta ce musu su sauka daga mota ba. Jihohi irin su Dakota ta Kudu da Texas da Florida sun sauƙaƙa wa matafiyi ya yi rajistar zama ɗan jiha ko da ba ya kwana a cikinta. Wata ƙungiyar masu irin wannan rayuwa mai suna Escapees, da aka kafa a 1978, tana ba mambobinta adireshi a garin Livingston na Texas, ta karɓi wasiƙunsu ta tura musu duk inda suke. Ba wai rayuwar ba ta da wahala ba: ɗaure kujerar jariri a irin waɗannan motoci aiki ne, hayaƙin gas a ƙuntataccen ɗaki na iya kisa, kuma da yawansu tsadar haya ce ta kore su ba son yawo ba, duk da bidiyon ba ya nuna haka. Amma takardunsu na bin su.

Ba sai an je Amurka neman misali ba. Gwamnati a Arewa ta daɗe da sanin hanyar ruga idan tana da buƙata. A zamanin jangali, masu ƙidayar shanu ba su taɓa cewa daji ya yi nisa ba. Kowane ardo an san shi, an san yawan garkensa, har zuwa lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano a 1979. A 1962 aka ƙaddamar da gagarumin yaƙi da cutar bushiya a Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, malaman dabbobi suka bi shanu har makiyaya da allura, ba waya, ba kwalta. A 2011 aka ayyana cewa cutar ta ƙare a duniya baki ɗaya. Ko a ’yan shekarun nan, Jihar Kano ta sha gudanar da rigakafin dabbobi kyauta a ƙarƙashin shirin KSADP mai samun tallafin Bankin Musulunci. Ma’aikacin da ya isa ruga don saniya ya wuce ta gaban yara kafin ya kai ga turke.

Chadi ta lura da wannan tun wuraren shekarar 2000. Masu bincike na ƙasar da takwarorinsu na Suwizalan sun tarar cewa a rugagen da suka duba an yi wa shanu da yawa rigakafi, amma ba su samu yaro ko ɗaya da ya kammala nasa ba. Sai aka haɗa tafiyar: mota ɗaya, akwatin sanyi ɗaya, malamin dabbobi da malamin asibiti tare. Makiyaya sun fito saboda sun riga sun yarda da mai duba musu shanu, kuɗin mai da na sufuri kuma ya ragu tun da an raba shi biyu. A Nijar ma, taron makiyaya na shekara-shekara da ake yi a Ingal cikin watan Satumba ya zama wurin da ake yi wa dabbobi da mutane rigakafi a lokaci guda.

Adalci ne a ce masu yaƙi da shan inna a Najeriya sun yi ƙoƙari ta wannan fuska. Sun nemi ardo-ardo, sun tsaya a kasuwanni da mashigar jihohi, kuma hakan na cikin abin da ya sa Kano ba ta sake ganin asalin cutar ba tun 2014, aka kuma wanke nahiyar Afirka daga ita a watan Agustan 2020. Sai dai ɗigo biyu a baki kowa zai iya bayarwa a tsaye a bakin hanya. Allurar mashaƙo tana buƙatar ƙwararren ma’aikaci da sanyi da dawowa sau uku, kuma nan ne aka bar jaririn ruga a baya. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha jin jiki a cikinta, ta fi kama yaran da ba a yi musu allura ba. Ƙwayar cuta ba ta tambayar wane ne ɗan gari, wane ne baƙo. Uwar da ke goye da yaron da ba a yi masa rigakafi ba ita ce ke zaune a kasuwar Getso ko ta Gwarzo tana dama wa mutane fura da nono.

Masu cewa a zaunar da makiyaya suna da hujjarsu. Burtalai sun cinye, gonaki sun mamaye makiyaya, rikici da manoma na ƙaruwa, kuma yaron da ke tafe kullum karatunsa na da wuya duk da Hukumar Ilimin Makiyaya da aka kafa tun 1989. Gwamnatin Ganduje ta fara gina matsuguni a dajin Dansoshiya da ke Ƙiru, maƙwabciyar Kabo, da wannan niyya. Ko da komai ya tafi daidai, zaunar da al’umma guda aikin shekaru ne masu yawa. Jaririn da aka haifa bana kuwa mako shida kawai gare shi kafin allurarsa ta gaba.

Hujja mafi nauyi ita ce ta tsaro. Gwarzo na kan iyaka da Katsina, kuma hare-haren ’yan bindiga sun riga sun taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa. Ba wanda zai zargi ma’aikaciyar lafiyar da ta ji tsoron hawa babur zuwa rugar da ba ta sani ba. Amma tsoron ta ɓangare biyu yake. Baƙon Bafulatani yanzu da zargi ake kallonsa, matarsa kuma takan gwammace ta jiƙa saiwa ta ba yaro da ta shiga garin da za a tare ta da tambayoyi. Nesanta ruga daga asibiti ba ya ƙara wa kowa tsaro. Rugar da dagaci ya san ardonta, ma’aikacin lafiya ya san matanta da sunan ’ya’yansu, ta fi wuyar zama maɓoyar ɓata-gari.

Abin da ake buƙata a wuri kamar Kutama bai kai gina sabon asibiti ba. Dagaci da masu unguwanni sun san ranar da makiyaya suka sauka, domin ba a yada zango a gonar mutum ba da izini ba. Idan suka sanar da asibitin mazaɓa a makon farko, an rage rabin aikin. Sai a kafa teburin rigakafi a ranar kasuwa, a gefen da masu nono ke zama, da rana bayan sun sayar, ba da sassafe lokacin tatsa ba. A ba ma’aikaci izini a rubuce ya fasa kwalba ko don yaro ɗaya ne idan ɗan matafiya ne. A karɓi katin da aka bayar a Gwarzo a kowane asibiti na Kaduna ko Neja ba tare da an ce “ba namu ba ne”, a kuma rubuta lambar wayar mahaifin ko ta ardo, tun da yanzu da wuya a samu rugar da babu waya.

Tun watan Yulin 2024 Najeriya ke da ma’aikatar tarayya ta musamman don bunƙasa kiwo. Duk lokacin da ita ko takwarorinta na jiha suka tsara fita yi wa shanu allurar ciwon huhu a Gwarzo da Kabo, ya kamata Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Kano ta nemi kujera ɗaya a cikin motar.