Harouna nawa ke zaune a fadojin Damagaram?

Ƴan uwa matasa, ku riƙe sunan Abdoulaye Harouna. Ɗan Yamai ne. Ƙwallon kwando ya kai shi jami'ar Miami ta jihar Ohio a Amurka, yana karatu yana buga wa makarantar wasa. Da aka buɗe gasar BAL a Kigali a 2021, yana cikin fili. Daga baya ƙungiyoyin Maroko, Kodebuwa da Senegal suka ɗauke shi.

Baiwa kaɗai ba ta isa. Fili ya samu, da mai horarwa, da dokar jami'a: in ka faɗi karatu, babu wasa.

To, mu nan fa? Duk wanda ya kalli fim ɗin "Zinder" na Aicha Macky ya ga samarin Kara-Kara suna ɗaga ƙarfe. Wallahi ƙarfi akwai! In bai samu fili ba, ƴan palais na jiransa, hanyar Agadas ma na jira.

Buƙatarmu ga magajin gari da jami'ar André Salifou: fili a kowace unguwa, gasa tsakanin makarantu duk shekara, maza da mata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.