Ra'ayinmu: A Tafi Nema, Amma Kada A Sayar Da Gona

Da zarar an kai dami na ƙarshe rumbu, an ɗaure harawa an ɗora a kan bishiya, akwai muhawarar da takan tashi a majalisun Bacirawa da sauran garuruwan da ke arewa da birnin Kano, daga Ungogo zuwa Minjibir, Dawakin Tofa, Bichi da Ɗambatta: a duk faɗin Najeriya, ina ya fi dacewa mutum ya zauna? Wani ya ce Legas, domin a can ko ruwa ka tura a kura sai ka ga kuɗi. Wani ya ce Abuja, ga titi ga wuta ga manyan mutane. Wani ya ce shi dai a ba shi Taraba ko Neja, inda ƙasa ke da yalwa kuma damina ke daɗewa. Dattawa sukan bari a gama, sannan ɗayansu ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Muhawarar tsohuwa ce, amma ta sake kama. A da, in an ce tafiya ci-rani ake nufi: saurayi ya fita bayan kaka, ya rage wa rumbu baki ɗaya, ya dawo da ɗan kuɗin taki da na sutura kafin ruwan shuka. Yanzu ƙaura ake magana, ta ɗungurungum, kuma dillalin filaye na tsaye a gefe, a shirye yake ya ba da kuɗin mota da na jari muddin za a sa masa hannu a takardar gona. Wannan sauyi ne ya sa muka ga ya kamata mu ce wani abu.

Babu mai jayayya da haƙƙin tafiya. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama a duk inda ya ga dama, sashe na 43 kuma ya ba shi damar mallakar fili ko gida a can. Tun kafin a rubuta kundin ma, Bahaushe matafiyi ne. Fataken goro sun taka har Gwanja, unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 take, zangon Agege kuwa ya haifi jikoki da tattaɓa-kunne. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, kuma ba mu ga laifin wanda ya gaskata kifin ba.

Hujjar masu son tashi tana da ƙarfi, bai kamata a rufe ta da karin magana ba. Gonar da kaka ya noma da 'ya'yansa a gandu an raba ta gado sau biyu ko sau uku. Abin da ya iso hannun jika wani lokaci bai wuce kunya ashirin ko talatin ba, ga mata ga 'ya'ya. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum kusan miliyan 9 da dubu 400, bayan an riga an cire Jigawa tun 1991, kuma daga lokacin ba a sake ƙidaya ba, sai dai kowa na ganin yadda gidaje ke cika. Jama'a na ƙaruwa, ƙasa ba ta miƙewa. Ruwan sama wata huɗu ne in an yi sa'a, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watanni takwas kuwa ciki ba ya hutu. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda a da suke kwasar samarin waɗannan garuruwa, da yawansu sun rufe ko sun rage aiki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na takin zamani da na magani suka ɗaga. Wanda ya ce wa matashin da ke cikin wannan hali ya zauna kawai domin a nan aka binne cibiyarsa, bai yi masa adalci ba.

Akwai kuma abin da masu kare zaman gida ba su cika son ambata ba: kuɗin da ake turowa daga Kudu da Abuja shi ke riƙe da gidaje da dama a nan. Rufin kwanon da ake gani, da san noman da aka ɗaure a turke, da kuɗin ƙodago lokacin noman farko, sau da yawa gumin mai gadi ne, ko mai dako, ko mai yankan farce a wata unguwar da iyayensa ba su taɓa jin sunanta ba.

To, sai ɗaya ɓangaren. Ƙasar nan da ake shirin bari ba ƙasar banza ba ce, kuma ba haka aka tarar da ita ba, hannu ne ya mai da ita haka. Baturen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya yaba albarkar karkararta. Fiye da shekara ɗari bayansa, a 1965, Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka wallafa bincike a kan wannan yanki mai cunkoson gonaki, shi Mortimore kuma ya ci gaba da bibiyarsa shekaru da dama. Abin da ya ja hankalin masana shi ne ana noma mafi yawan ƙasar kowace shekara, babu barin saura ta huta, amma ba ta mutu ba. Sirrin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya tashi a nan. Da bazara za ka ga jaki da mangala cike da taki da toka da sharar gida, a da har daga cikin birni ake ɗaukowa, a juye tsibi-tsibi a gona kamar an jera tuwo a faranti. Gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, kowanne da lokacinsa. Gawo na tsaye a tsakiya, ya zubar da ganyensa da damina don kada ya yi wa shuka inuwa, ya fito da sabo da rani lokacin da dabbobi ke bukata. Kara ya zama danga da makamashi, harawa ta shiga cikin tumaki, kashin tumaki ya koma gona. Ɗorawa da kuka da tsamiya kowacce da mai ita, ba a sara sai da dalili. Wannan ilimi ne da aka tara ƙarni bayan ƙarni, kuma ba a ɗaukarsa a jaka a tafi da shi. Manomin Bacirawa gwani ne a gonarsa. A bakin gadar Legas kuwa ɗan dako ne kamar kowa.

Sannan ga kasuwa a ƙofar gida. Dawanau, da ke kan hanyar Katsina, tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, birni mai miliyoyin bakuna kuma na nan kusa, kullum yana neman ganye da ƙwai da nono da ragon layya. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka ga abin da kusanci da kasuwa ke yi wa manomin nan, har aka tara dalar gyaɗa. Ga titin jirgin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda aka tsara zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura. Manomi a wani lungu mai yalwar ƙasa yana iya fin na nan yawan buhuna, amma ya sha wahalar kai su inda za a saya.

Baƙunta kuma tana da nata farashin, wanda ba a cika lissafawa ba ranar da ake hawa mota. Ɗaki guda mutum takwas ko goma, wasu ma a barandar shago ko harabar masallaci suke kwana. Sana'ar da aka dogara da ita sanarwa ɗaya ke kashe ta, kamar yadda aka gani a watan Yunin 2022 lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida. Yaron da aka haifa a can, ya yi makaranta a can, ranar da zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati sai a ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukumarsa, dole ya dawo garin da bai san hanyoyinsa ba yana neman dagaci ya shaide shi. In rikici ya tashi kuwa, baƙo ne farkon wanda ake nunawa. An gani a Shagamu a 1999, a kasuwar Mile 12 a 2016, a kasuwar Sasa ta Ibadan a 2021. A watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta ne da suka taso daga Fatakwal za su zo gida Kano yin Sallah.

A nan dole mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi ba. Dubban Hausawa na zaune lafiya a Kudu, sun yi arziki, sun yi surukuta da masu masaukinsu. Kuma baƙin da ke zaune a Kano su ma sun taɓa ɗanɗana irin wannan ɗacin a hannunmu, ba sau ɗaya ba. Wanda ke son a mutunta ɗansa a Ibadan, ya fara da mutunta ɗan wani a Sabon Gari.

Da muka auna, sai muka ga kowane ɓangare yana da inda ya kauce. Masu cewa a tafi suna kwatanta abin da ake samu a can da abin da ake samu a nan, su manta da abin da ake kashewa: haya, ruwa, abinci, da kuɗin motar zuwa gida duk lokacin da aka yi rasuwa. Masu cewa a zauna kuma suna magana kamar garin na nan yadda suka san shi, alhali birni ya riga ya iso. Duk wanda ya zaga gefen Ungogo ya ga abin da muke nufi: gona ce da geronta ya fitar da kai, amma a kusurwoyinta an kafa turakun siminti, an yanka ta fuloti-fuloti. Kusa da ita kango ne da ya tsaya a linta shekara uku, mai gadinsa ya shuka kuɓewa a inda za a yi falo. Awon igiya ne, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta, lungun ma sai adaidaita sahu ya yi dabara. Wanda ya sayar ya yi aure, ya sayi babur, kuɗin suka ƙare, yanzu shi ke tura kurar ruwa zuwa gidajen da aka gina a gonar mahaifinsa. Bai je ko'ina ba, amma ya zama baƙo.

Saboda haka, a ganinmu, tambayar wane yanki ya fi daɗin zama ba ita ce ta farko ba. Ta farkon ita ce, in abin ya ƙi, ina za ka koma? Mai gona, ko ta kunya ashirin ce, yana da amsa. Yana iya yin shekara biyar a Fatakwal, ranar da kasuwa ta juya ko gari ya rikice ya hau mota ya dawo ya tarar da abin da zai duƙa a kai. Wanda ya sayar ba shi da wannan amsar, kuma da wuya kuɗin dako su sake saya masa fili a yankin da farashin ƙasa ke hawa kowace shekara. In bukata ta matsa akwai aro, akwai haya, akwai jingina, dukkansu al'adarmu ta san su, kuma dukkansu suna barin ƙofa a buɗe.

Ba kowa wannan hukunci ya hau ba. Wanda ba shi da gadon ko taku ɗaya, ko mai ilimi da sana'ar da ba ta da kasuwa a nan, ya tafi inda za a san darajarsa, kuma ya zauna can da zuciya ɗaya, ya zama ɗan gari na ƙwarai. Manomin da ƙasa kawai ta yi masa kaɗan, kafin ya hango Taraba ya fara duba kudancin jiharsa, wajen Tudun Wada da Doguwa, inda ruwa ya fi yawa kuma babu mai tambayarsa takardar asali.

Hukuma ma tana da nata kason, domin zaman gida ba zai zama zaɓi ba sai an mai da shi abin da za a iya. Madatsun ruwa na Watari a Bagwai, da Thomas a Ɗambatta, da Jakara a Minjibir suna nan tun shekaru aru-aru. A gyara hanyoyin ruwansu, a tsabtace na Jakara daga dagwalon birni, watanni takwas na zaman banza za su ragu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da shaidar mallaka a karkara, to a sauƙaƙa ta, ta yadda ƙaramin manomi zai riƙe takardar gonarsa, mata kuma a rubuta kasonsu na gado da sunansu maimakon a bar shi a bakin 'yan'uwa maza. Hukumar tsara birane ta riga dillalai isa gonakin da birni ke tunkara, ta ware inda za a gina da inda za a bar wa noma. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, waɗanda da shaidarsu ake kammala yawancin cinikin, su daina sa hannu kafin su ji ta bakin duk magada.

Matsayin wannan jarida shi ne: ga mutumin Bacirawa da maƙwabtanta da ke da ƙasa, babu yankin da ya fi masa nan zama. Ya fita nema duk inda ƙafarsa za ta kai, Legas ko Abuja ko Fatakwal, ya daɗe in dai akwai riba. Amma bana, idan dillali ya zo da takarda da biro, a ce masa gonar ba ta sayarwa ba ce.