Lissafin Bugun Zuciya

Malaman makaranta, yau da ku muke. A asibiti akwai na'ura mai zana bugun zuciya bisa takarda mai gida-gida. Takardar tana tafiyar milimita 25 a sakan, watau manyan gidaje 300 a minti guda. Sai a ƙidaya gidajen da ke tsakanin dogon tsini da mai bi masa, a raba 300 da su. In huɗu ne, bugu 75 ke nan. Na baligi lafiyayye yana hutawa, 60 zuwa 100 ne.

To, na'urorin yanzu su kan fid da adadin da kansu, amma su kan yi kure. Ma'aikacin da bai iya rabawa ba, ƙaƙa zai gane, ga majinyaci kwance? Don haka a matsa wa yara lissafi tun suna firamare. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.