Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: A Sa Wayar Tsaro Kafin Yaɓe

Duk wanda ya zaga Gummi bayan ambaliyar damina ta 2024 ya ga yadda magidanta suka duƙufa wajen tayar da katangun da ruwa ya rusa. A Anka da Bukkuyum ma, iyalai da suka baro ƙauyuka saboda 'yan bindiga suna gyara tsofaffin gidaje a cikin gari. Sai dai abin da na lura shi ne, maigida yakan kashe kuɗi wajen siminti da kwano da kyauren ƙarfe, amma ba ya tuna wayar tsaro sai an gama yaɓe an shafa fenti. A ganina wannan kuskure ne. Lokacin da bango yake tsirara shi ne lokacin binne bututun roba da waya za ta bi, daga zaure zuwa kusurwoyin katanga, zuwa kowace ƙofa da taga. In an bari sai daga baya, ko dai a sassaƙe sabon bango, ko a bar waya a fili inda ɓera da rana da wuƙar ɓarawo za su same ta.

Wani zai ce ai yanzu akwai kyamara da ƙararrawa marasa waya, masu aika saƙo ta wayar salula. Mutanen Zamfara suna da amsa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar, aka yi makonni babu kira babu intanet. Duk na'urar da ta dogara da sabis ta zama kurma a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Wutar lantarki kuwa, kowa ya san halinta a yankin nan. Saboda haka tsarin da ya dace da mu shi ne wanda yake tsaye da ƙafarsa: farantin sola, batir mai bolt 12, da wayar jan ƙarfe.

Ga yadda ƙararrawar ƙofa take aiki, kuma ɗalibin aji huɗu na sakandare zai iya gwada ta. Ana manna maganaɗisu a jikin kyaure, a sa ɗan makunni a jikin dogarin ƙofa. Muddin ƙofa tana rufe, maganaɗisu yana riƙe makunnin a haɗe, lantarki kaɗan yana ta zagayawa. Da an buɗe ƙofa, zagayen ya yanke, sai jiniya ta kama kuka. Hikimar tsarin ita ce, ko ɓarawo ya tsinke wayar, yankewar ce dai za ta tayar da jiniya.

Kaurin waya ma abin lissafi ne, kuma nan ne dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827 take da amfani. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1, in aka ja ta mita 30 zuwa ƙarshen katanga, tafiya da dawowa mita 60 ke nan, turjiyarta kusan om 1. Idan fitilu suna jan amfiya 2, bolt 2 sun salwanta a hanya, 12 ta koma 10, haske ya dushe. Waya mai 2.5 kuwa asararta ba ta kai bolt 1 ba. Haka nan fitilu 4 masu wat 10, in sun kwana awa 12 a kunne, sun ci wat-awa 480. Batir mai amfiya-awa 100 yana ɗauke da 1,200, kuma ba a so a sha fiye da rabinsa, don haka ya wadatar.

Akwai gargaɗi biyu. Kada a cusa wayar tsaro cikin bututu ɗaya da wayar wutar gida mai bolt 230. Sannan irin wannan batir cike yake da dalma. Mutanen Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a 2010, sun san illarta. A ajiye shi inda iska take shiga, nesa da yara, kuma kada a fasa tsohonsa a tsakar gida.

Ba na cewa waya za ta tare ɗan bindiga. Wannan nauyi ne na hukuma. Abin da za ta iya shi ne korar ɓarawon dare, da kuma ba iyali da maƙwabta 'yan mintoci na farkawa, waɗanda a wasu darare su ne tsakanin kuɓuta da shiga hannu.

Ina kira ga malaman kimiyya su sa ɗalibai su zana taswirar gidajensu, su auna tsawon waya, su yi wannan lissafi. Ɗalibi kuma, in ya ga birkila ya fara kwaɓa simintin yaɓe, ya kai wa mahaifinsa takardar cikin ladabi kafin a rufe bango.