Kujerar Falo Ba Ta Kai Yatsan Mage Ba

A Amurka suna kiran aikin cire farce, sai ka ce mai yankan farce ne zai rage wa mage akaifa. Ƙarya sunan yake yi. Farcen mage daga ƙashi yake tsirowa, don haka gaɓar ƙarshe ta kowane yatsa likitan dabbobi yake guntulewa, yawanci duka goma na ƙafafun gaba. Ita kuwa mage a kan yatsunta take tafiya. Wata ta yi ta ɗingishi da ciwon baya, wata ta koma cizo, wata ta ƙaurace wa yashin da take kashi don tonon yana mata zafi.

Duk don kada ta yaga kujerar falo!

Dokar kare dabbobi ta 2006 ta hana wannan a Ingila. Jihar New York ta hana a 2019, Maryland a 2022, sai in cuta ce ta tilasta. Muna goyon bayansu, kuma jihohin da har yanzu ba su hana ba, ba su da uzuri.

Masu adawa suna cewa in an hana, mutane za su yasar da magunansu a titi. Wato ko a nakasa ta ko a jefar da ita. Ba mu yarda da wannan ciniki ba, alhali rage tsinin farce duk bayan 'yan makonni da ajiye mata gungumen yaƙushi sun wadatar.